Tambayoyin Masu Karatu: Wai da gaske a bayan shinge Turawan Ailan suka yi karatu?

TAMBAYA: Salam Malam. Kakanmu ya yi makaranta a hannun wani Fada ɗan ƙasar Ailan, yakan ce Fadan ya gaya musu wai kakanninsa a bayan shinge suka koyi karatu, kuma wai ƙaramin ƙauyen Fadan coci biyu gare shi. Mu dai dariya muke masa, Bature da bayan shinge? Dan Allah a warware mana. Daga wata ɗaliba, Samaru, Zariya.

AMSA: Wa'alaikissalam 'yata. Ku daina yi wa tsoho dariya, gaskiyarsa ce wallahi.

Kin san Ingila ce ta mulki Ailan, su 'yan Furotesta, yawancin mutanen ƙasar kuma 'yan Katolika. A 1695 aka yi doka wadda ta hana ɗan Katolika buɗe makaranta ko koyarwa, to sai malamai suka koma ɓoye, a tara yara a gindin shinge ko cikin rumfar dabbobi ko ɗakin wani manomi, iyaye su ɗan haɗa wa malam abin da ya samu, wani 'yan kwabbai wani abinci wani makamashin hura wuta. Ni duk lokacin da na karanta wannan sai in tuna zauren malaminmu a Tudun Wada da kuɗin Laraba, kusan duk kanwar ja ce, sai dai mu ba mai farautarmu. Kuma kar ki raina karatun, ana yin lissafi, wasu har Latin suke koyarwa.

Maganar coci biyu kuwa, tsofaffin majami'u gwamnati ta miƙa wa cocin Angilika na 'yan Furotesta, talaka ɗan Katolika kuma dole ya biya harajin cocin da ko ƙofarsa ba ya takawa. Su kansu 'yan Katolikan wani lokaci a kan falalen dutse a daji suke ibada, wani yana gadi. Sai da dokokin suka sassauta, musamman bayan 1829 da fafutukar jagoran 'yan Katolika Daniel O'Connell, suka samu sararin gina manyan nasu. Shi ya sa za ki ga ƙauyen da bai kai Bomo ta kusa da Samaru ba amma hasumiya biyu.

A 1831 aka kafa firamaren gwamnati da nufin a haɗa yaran kowa, abin bai yiwu ba, kowane coci ya ja nasa, har yau kusan kashi 90 cikin 100 na firamarensu a ƙarƙashin Katolika suke. Sannan yunwar 1845 ta zo, dankali ya ruɓe, kusan miliyan ɗaya suka mutu, wasu miliyan suka yi hijira, ƙauyuka suka zama kufai.

Jikokin waɗannan mutanen ne suka zo nan suka buɗe St. John's a Kaduna wadda yanzu ake kira Rimi College. Ki tambayi kaka ko can ya yi, in ya tuna sunan ƙauyen Fadan ki sake rubuto mana.