Dalilin da ya sa nake daɗewa a kan yaron nan

Jiya ka tambaye ni me ya sa nake cin kusan rabin awa ina daidaita kan yaron nan a kan gado, alhali kunna na'urar da ke gasa ciwon daji da haske bai wuce 'yan mintuna ba. Zauna ka ji, ɗana.

Ƙarin ƙwaƙwalwar da aka cire masa, wanda likitoci ke kira medulobilastoma, ta wajen ƙeya yake tsirowa, kuma yakan bi ruwan ƙwaƙwalwa ya gangara laka. Shi ya sa ake gasa kai gaba ɗaya har da gadon baya: gire (ma'aunin yawan hasken) 23.4 idan haɗarin matsakaici ne, 36 idan ya yi tsanani, sannan a ƙara wa wurin ƙarin har ya kai kimanin 54. Galibin yaran nan suna rayuwa, alhamdu lillahi. Sai dai hasken ba ya bambance cuta da lafiyayyen nama. Jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin sassan ƙwaƙwalwa ba su gama ƙwari ba a wurin ƙaramin yaro, su ne kuwa ke jin jiki. Don haka ne ake ƙoƙarin kauce wa gasa kan wanda bai kai shekara 3 ba, a ja lokaci da magani.

Kai ba za ka ga ɓarnar a ɗakin nan ba. Sai bayan shekara biyu ko uku uwa za ta dawo ta ce, "Ya warke, amma malaminsu ya ce ya zama malalaci." Wallahi ba lalaci ba ne. Abin da ya sani bai manta ba, sabon ne ke shiga a hankali, sa'o'insa suna ta yi masa nisa. Yana cikin kwafar layi na biyu an goge allo. Ka aike shi abu uku, ya dawo da ɗaya. Wani ma maganin ciwon daji na sisfilatin ya taɓa masa ji, sai a ɗauka kunnen ƙashi ne da shi. Wannan ya fi komai ƙona min rai.

To milimita biyun da kake ganin ba komai ba ce, tana iya kai haske inda taswirar likita ta ce a kare. In ya motsa, tsaya ka sake hoto, ko da layi ya taru a waje. Ranar da za a sallame su kuma, ka tuna wa iyayen su riƙa kai shi gwajin ji da na fahimta, su roƙi makaranta ta zaunar da shi a gaba, ta ƙara masa lokaci a jarrabawa.

Gobe kai za ka daidaita shi, ina tsaye a bayanka.