Ki fara da asibiti kafin caji ofis

'Yar uwa da kika turo tambaya aka ɓoye sunanki, kin ce maigidanki ya daɗe yana dukanki, shekaranjiya har ya kumbura miki ido ya fasa leɓe, a gida kuma an ce ki yi haƙuri, kina son sanin ko 'yan sanda za su saurare ki. Sannu, Allah Ya ba ki lafiya. Ni ba lauya ba ce, amma na yi wannan zirga-zirgar da ƙafata saboda ƙanwata a nan Kaduna, abin da idona ya gani zan gaya miki.

Zuwanmu na farko shirme muka yi. Sai da aka kwana huɗu, kumburi ya saɓe, sannan muka je hannu rabbana, tana kuka ina faɗa. Ɗan sandan da ke kanta ya dube mu ya ce, "Mijinta ne? To ai maganar gida ce, Hajiya, ku je ku kira manya." Ko biro bai ɗauka ba. Da labari ya kai wa mijin, sai abin ya zama na gori, ko gardama kaɗan aka yi ya ce ta je ta kira 'yan sandan nata.

Bayan wata biyar ya karya mata haƙorin gaba. Maƙwabciyarta ce ta kira ni da dare. Na same ta a zauren mutane, ta ƙulle guntun haƙorin a bakin mayafinta, ita kanta ba ta san dalilin ƙulle shi ba. A nan take na ɗauki hoton fuskarta da rigar da jini ya ɓata, na tura wa wayar yayanmu don kar tawa ta ɓata. Da asuba muka tafi asibitin gwamnati, aka yanki kati, na roƙi likita ya rubuta duk abin da ya gani da abin da ta ce ya jawo shi. Ki kula da nan, don mata da yawa kunya kan sa su ce a banɗaki suka zame, kuma abin da kika faɗa shi za a rubuta.

Daga can muka wuce caji ofis tare da kawunmu. Ba daɗin faɗa, amma tsayuwar dattijo a bayanki tana sauya yadda ake amsa miki sallama. Muka nemi a haɗa mu da ɓangaren da ke kula da ƙorafin mata da yara, muka dage sai an shigar da maganar cikin littafinsu. Suka ba mu takardarsu ta kai wa likita ya cike. Bayanin da aka rubuta mata da Turanci kuwa, sai da aka karanta mata shi da Hausa kafin ta sa hannu. Ki karɓi suna da lambar wayar wanda aka ba binciken. An nemi kuɗin mai na zuwa ɗauko shi, mun bayar, har yau abin yana ci mini rai.

Wata lauya ta FIDA, ƙungiyar mata lauyoyi, ce ta wayar mini da kai daga baya. Ta ce tsohuwar dokar hukunta laifuka ta Arewa, wato final kod, a sashe na 55, ta bar wa miji ƙofar "ladabtar" da matarsa muddin bai yi mata mummunan rauni ba, shi ya sa wasu ke ɗaukar mari da kumburi ba komai ba. Amma karya ƙashi ko haƙori ko a waccan dokar mummunan rauni ne. Sannan ga dokar hana cin zarafin mutane, wato VAPP, ta 2015, wadda Kaduna ta yi tata a 2018, ita ta mayar da dukan mata laifi kai tsaye, har kotu na iya ba da umarnin kada ya kusance ki. In an yi miki wasa da hankali a caji ofis, ki nemi FIDA ko ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da ke jiharku.

Abin da ba wanda ya gaya mana shi ne, kamun ba ya daɗewa. Kwana ɗaya ya yi aka ba da belinsa. Kar ki kai ƙara ki koma ki kwana a ɗakin nan, ki san inda za ki sauka ke da yara tun kafin ki fita. Sai kuma ayarin masu ba da baki: uwarsa, ƙannensa, har da limamin unguwa, kowa na cewa uban 'ya'yanki ne, za ki ɗaure shi duniya ta zage ki? Masu rubuta "haƙuri" a ƙarƙashin tambayar nan, na san da kyakkyawar niyya kuke yi, amma ƙanwata shekara shida tana yin sa.

Ta janye ƙarar, ban ji daɗi ba, sai dai rayuwarta ce. Kawu ne ya ce ba za a tashi ba sai mijin ya rubuta da hannunsa a gaban DPO cewa ya dake ta, ba zai sake ba, yayansa ya sa hannu a matsayin shaida. Da ya sake ɗin, wannan takarda da ta likita muka ajiye a gaban alƙalin kotun Musulunci. Mijin ya so a yi khul'i ta biya shi sadakinsa, alƙali ya ce cutarwa ta tabbata, ya raba auren ba ta biya ko sisi ba.

Idon nan naki bai saɓe ba tukuna, ki ɗauki hoto yau, gobe da safe ki je a duba shi. In ya taso miki cikin dare ki fita gidan maƙwabta ki kira 112. Ki kuma gaya wa admin ɗin shafin nan sunan jihar da kike, don a san wa za a haɗa ki da shi.