Tambaya da Amsa: In Muka Daina Biyan Kuɗin Dish, Me Za Mu Kalla a Gida?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce a Zariya. Shekara shida ke nan muna da dish na biya a gidanmu, ni da maigida muke karɓa-karɓa wajen biyan kuɗin. Yanzu na wata ɗaya ya doshi naira dubu 20, kuma sau da yawa wata zai ƙare ba mu yi kallon kwana goma ba saboda rashin wuta. Ƙanena ya ce in cire kawai in riƙa sayen data, wai komai yana YouTube. Maƙwabciyata kuma ta ce in koma dish na kyauta irin nata. A gidan akwai surukata, Hajiya, wadda ba ta son komai sai karatun Alƙur'ani da tafsiri, ga yara uku, ga maigida da ba ya wasa da ƙwallon Ingila. Wace shawara za ka ba ni? Na gode, Allah ya ƙara basira.

AMSA

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya yi wa albashi albarka, ya ƙara wa Hajiya lafiya.

Ba ke kaɗai wannan abu ya dama ba. A watan Maris na 2025 kamfanin MultiChoice, mai DStv da GOtv, ya ɗaga kuɗin tsarin Compact daga naira 15,700 zuwa 19,000, na Premium kuma daga 37,000 zuwa 44,500, alhali mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan 70,000 ne tun Yulin 2024. Kamfanin ya ce karyewar naira da tsadar gudanar da aiki ne suka tilasta masa, kuma akwai gaskiya a ciki, domin haƙƙin nuna ƙwallo da finafinan waje da kuɗin waje ake sayensa. Amma aljihun mutane bai san wannan bayani ba. Rahoton kamfanin da kansa ya nuna ya rasa masu biya wajen miliyan 1.4 a Najeriya tsakanin Maris na 2023 da Maris na 2025. In kika lissafa dubu 19 sau 12, naira 228,000 ke nan a shekara, kuɗin da zai yi wa yaranki uku hidimar makaranta mai yawa.

Shawarata a taƙaice, maƙwabciyarki ta fi ƙanenki gaskiya. Ki mai da dish na kyauta ya zama tushen kallon gidan, intanet kuma ya zama ƙari.

Bari in fara da maganar ƙanenki, don ita ce ta fi yaudarar mutane. Gaskiya ne kusan komai yana YouTube: tafsirin malamanmu, labaran BBC Hausa, da yawancin finafinan Kannywood masu dogon zango da ake saki mako-mako. Abin da bai lissafa ba shi ne awa nawa talabijin ɗinku take yi a kunne. Wayar saurayi ɗaya daban, akwatin falo da mutum shida ke zama a gabansa daban. Netflix da kansa ya bayyana cewa kallon awa ɗaya da hoto matsakaici yana cin data har gigabait 1, in hoton ya zama tangaran kuma har gigabait 3. A babban allo ba za ki jure hoto mai dishi-dishi ba, dole ki ɗaga shi. Ki ɗauka awa biyar kawai ake kallo a rana, Hajiya da safe, yara bayan Islamiyya, ku da daddare. Gigabait 150 ke nan a wata, a lissafi mafi sauƙi. Ki duba farashin wannan a layin da kike amfani da shi, musamman tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Da wuya ki same shi ƙasa da abin da kike biya yanzu. An gudu gara ke nan an faɗa gidan zago. Kuma kuɗin dish aƙalla kin san iyakarsa, data kuwa in yaro ya bar bidiyo yana tafiya ya yi barci, kafin asuba ta ƙare.

Dish na kyauta shi ne wanda za ki kashe kuɗi sau ɗaya, shi ke nan. Tashoshin da ke kansa ba a kulle suke ba, masu su ne suka bar su a buɗe, talla ko gwamnati ko wata ƙungiya ke ɗaukar nauyinsu. Saboda haka kallonsu halas ne, ba sata ba ce.

Wataƙila ma ba sai kin sayi sabon faranti ba. Wanda ke kan rufinku ƙarfe ne kawai, bai san kamfani ba. Dikodar ce a kulle, ita ce za ki ajiye ki sayi risiba ta kyauta, irin su Strong da ke cike a kasuwannin kayan lantarki, sai mai haɗa dish ya juya farantin ya fuskanci wani tauraron ɗan adam. Ki tabbatar risibar an rubuta mata DVB-S2, kuma tana karanta HD, domin tsofaffin da ake sayarwa da araha za su kama sunan tasha amma su ƙi nuna hoto. Kafin ma ki saya, ki leƙa bayan talabijin ɗinki. Wasu na zamani suna zuwa da tasu risibar a ciki, za ki ga wata kafa mai zare da aka rubuta mata LNB ko SAT. In akwai, wayar dish kawai za a ɗaura. Shi kuma LNB, wato ɗan kan nan da ke tsaye gaban faranti yana tattara sigina, in na gama-gari ne zai yi aiki, in kuma na musamman ne da ke zuwa da manyan dikodoji masu naɗar shiri, sai a canza shi. Ba shi da tsada.

Sai zaɓen tauraro, kuma nan ne nake so ki zauna da mai haɗawa ki gaya masa mutanen gidanki ɗaya bayan ɗaya. Don Hajiya, tashoshin Saudiyya guda biyu da ke nuna Masallacin Harami na Makka da na Annabi (SAW) a Madina kai tsaye dare da rana, da ƙira'a ba yankewa, suna Arabsat da ke digiri 26 gabas da kuma Nilesat da ke digiri 7 yamma. Ni mahaifiyata tun da aka kama mata su ba ta sake tambayar wata tasha ba, in azumi ya zo da su take bin tarawihi har ta kwanta. A can kuma za ki samu Al Jazeera da tashoshin MBC, cikinsu da MBC3 ta yara. Na Hausa kuwa, Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ana kama ta a Eutelsat 16A, digiri 16 gabas, ga kuma tashoshin wa'azi irin su Sunna TV da Manara TV. Tashoshi kan yi ƙaura daga wannan tauraro zuwa wancan, shi ya sa ban ba ki lambobi ba, mai haɗawa na unguwarku ya fi kowa sanin inda suke a wannan watan. Ana iya ɗaura kai biyu ko uku a haɗa su da ɗan makunnin da ake kira DiSEqC, duk su shiga risiba ɗaya. Taurarin Larabawa dai siginarsu ta fi rauni a wajenmu, wasu tashoshin sai da babban faranti.

Kada ki biya mai haɗawa sai kin ga tashoshin da idonki, kuma ki sa ya nuna miki ƙarfin sigina a allo. Na taɓa ba wani aikin nan, ya ɗaure farantin a bakin kwano da kusoshi biyu, ranar komai tas, iskar farkon damina na zuwa ta karkatar da shi, muka kwana huɗu allo baƙi. Na biyun da na kira a jikin bango ya kafa shi da noti, yau shekara biyu bai motsa ba. Ki sani kuma in hadari ya haɗu sosai hoto zai ɗauke na ɗan lokaci, wannan halin irin wannan sigina ne, har na biya ma haka suke yi.

Abin da ya fi damuna a harkar nan shi ne yara. Risiba in ta yi bincike takan kwaso tashoshi ɗari-ɗari, cikinsu akwai na kiɗa da na finafinan da ba za ki so ɗanki ya faɗa kansu yana neman katun ba. Ranar da aka haɗa, ki zauna da rimot ki goge duk wadda ba ki yarda da ita ba, ki bar ashirin ko talatin, sannan ki sa lambar sirri a kan wurin bincike don kada a dawo da su. Minti talatin zai ɗauke ki. A nan ma dish ya fi YouTube kwanciyar hankali, domin abin da kika bari shi ne kawai a ciki, can kuwa bidiyo ɗaya na ƙarewa wani ke shigowa, ba ki san wanda ya zaɓo shi ba.

Akwai kuma FreeTV na gwamnati, wanda aka fara a Jos a 2016 ya iso Kano a 2021, a lokacin da eriya ake kama shi, ana biyan ɗan kuɗi sau ɗaya a shekara. In wani a layinku yana kama shi da kyau, ki je ki gani.

Maganar maigida fa, ba zan ɓoye miki ba: yawancin wasannin Firimiyar Ingila ba sa cikin kayan kyauta. SuperSport ke riƙe da haƙƙin nuna ta a wannan yanki, kuɗi masu yawa suka biya, ba za su bar ta a buɗe ba. Don haka kada ki cire dikodar ba tare da kun yi magana ba, kada neman sauƙi ya jawo ɓacin rai a gida. Ku ajiye ta, ba ta lalacewa don an daina biya, kuma ba a bin ku bashin watannin da ba ku saka ba. Gasar daga Agusta take farawa ta ƙare a Mayu, Yuni da Yuli babu dalilin biya. In yana son kallo a gida, ya ɗauki nauyin watannin da ya ga dama, sai dai a bar masa farantinsa a inda yake a sayi na biyu don na kyautar. In kuma ƙungiya ɗaya yake bi, wasa huɗu ko biyar ne a wata, gidan kallo ya fi masa araha nesa ba kusa ba, ga janareta ga abokan musu.

Intanet ɗin kuma ki bar shi a wayarki. Shirin da kike bi mako-mako ki sauke shi da datar dare mai araha, ki kalla da rana ba tare da data na tafiya ba. Kuɗin da ya ragu, in da hali, ki fara tara shi don ƙaramin sola. Talabijin mai inci 32 da risiba tare ba su fi cin wutar tsohon ƙwan fitila mai wat 60 ba, ƙaramin faifai da batir ɗaya za su riƙe su. Ai rashin wutar nan shi ne rabin kukanki, kuma ko wane dish kika koma zai biyo ki.

TAMBAYA

Malam, ni ɗalibi ne a Kaduna. Wani ya ce in ba shi dubu biyar ya saka min wata manhaja a waya mai buɗe duk tashoshin ƙwallo har shekara guda. In karɓa?

AMSA

Kada ka karɓa, ƙanena. Wanda zai sayar maka ba shi da haƙƙin abin da yake sayarwa, siginar wasu aka sato ake rabawa, kuma dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta haramta wannan. Ko ka ajiye maganar doka, ka dubi wayarka. Irin waɗannan manhajoji ba a Play Store suke ba, ta WhatsApp ko Telegram ake turo su, sai ka kashe kariyar wayar da hannunka kafin su shiga, sannan su nemi izinin karanta saƙonninka. A wayar nan manhajar bankinka take, a cikinta lambobin sirrin da banki ke turowa suke sauka. Shekarar da aka yi maka alkawari ma babu mai tabbatar maka da ita, ranar da aka rufe inda suke satowa ba ka da wanda za ka kama, kuma a ranar babban wasa, lokacin da kowa ya hau, a lokacin hoton ke tsayawa. Ga datar minti 90 da za ka ƙona a kowane wasa.

Ka riƙe dubu biyar ɗinka ka riƙa zuwa gidan kallo. In dare ya yi ko jarrabawa ta hana ka, manyan ƙungiyoyin suna saka taƙaitaccen wasan da ƙwallayen da aka ci a shafukansu na YouTube bayan an tashi, kyauta, a cikin minti biyu ko uku.