Baƙo da mai unguwa: amsa ga ɗiyata

Ɗiyata, saƙonki ya iske ni lafiya. Na ji daɗi ƙwarai da kika fara digiri na biyu a Kongo, harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan Zariya, a fannin dokokin tsaron ƙasa. Allah ya yi wa karatun albarka. Kin tambaye ni ko al'adar nan ta kai baƙo gaban mai unguwa doka ce ko kara ce kawai, tunda kina son saka ta a kundinki.

Mu da muka tashi cikin ganuwa ba mu san wannan bambancin ba. In baƙo ya sauka a zauren mutum, kafin ya kwana biyu maigida zai ja shi zuwa wajen mai unguwa: ga wane, daga gari kaza, fatauci ya kawo shi ko neman ilimi, zai yi kwana kaza. Daga ranar ya shiga wuyan mai masauki. Ko akuya ce ta yi ɓatan dabo a unguwa, mai masaukin za a fara kira, shi ya sa ba wanda ke saukar da mutumin da bai yarda da shi ba. In magana ta yi nauyi sai ta hau wajen hakimi, daga nan fada. Babu takarda, babu sa hannu, amma kakanki bai taɓa tsallake wannan ba, ko da baƙon almajiri ne mai allo da buzu.

Sai dai kada ki rubuta shi kamar zamanin ba shi da aibu, don na lura yaran yanzu kun fi mu kewar abin da ba ku gani ba. Hannun da ke tsare unguwa shi ne ke damƙe talaka. Ki tambayi tsofaffin 'yan NEPU, jam'iyyar Malam Aminu Kano, abin da suka sha a hannun 'yan dokar En'e, wato hukumar sarakunan gargajiya. Zamanin Gowon aka narkar da 'yan dokan cikin 'yan sandan Najeriya, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya zare mulki daga hannun sarakuna. Tsarin mulkin 1999 bai ba su wani iko ba, sashe na 214 ma cewa ya yi rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasar. Ke nan yau mai unguwa zai iya tambaya, zai iya kai rahoto ofishin 'yan sanda, amma ba shi da hurumin tsare kowa ko korarsa daga gari. A da al'adar tilas ce, yanzu mutunci ne ke riƙe da ita.

Abin da al'adarmu ta rasa shi ne iyaka, wato wa zai ce wa mai iko ya isa haka. Soja ma ba su kawo ta ba. Dokar soja mai lamba 2 ta 1984 ta halatta tsare mutum ba shari'a da sunan tsaro, dokar 1986 kuma ta rushe hukumar tsaron ƙasa ta NSO, ta kafa hukumomin leƙen asiri uku a madadinta: SSS da NIA da DIA. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ne ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu tsakanin kilomita 40. Ki ajiye shi kusa da dokar ta'addanci ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 2011, ki duba inda suke gogayya. Nan aikinki yake, a ganina.

Akwai wani dattijo wajen Ƙofar Doka da mahaifinsa ya riƙe unguwa tun zamanin En'e. Ki zo ranar Asabar da hantsi in kai ki. Ki riƙo goro, ki durƙusa ki gaishe shi, kada ki fara da tambaya sai ya gama tambayar mutanen gida. Wayar nan kuma ki bar ta cikin jaka, in ya ga ana ɗaukar muryarsa labarin damina kawai zai ba ki.

Ki gaida mamanki.