Sabar MySQL ta biyu ta daina bin babbar bayan ɗaukewar wuta

Malam, na fahimci cewa tun da wuta ta ɗauke, abin da ake rubutawa a babbar sabar ba ya isa ta biyu, wato wadda ke kwafar bayanan babbar. Kafin ka taɓa komai, shiga ta biyun ka buga SHOW REPLICA STATUS, ko SHOW SLAVE STATUS idan MySQL ɗinka bai kai 8.0.22 ba.

A sakamakon da zai fito, idan Replica_IO_Running, layin da ke nuna ko ana jawo bayanai daga babbar sabar, ya tsaya a Connecting, duba kalmar sirri da kafa (port) ta 3306 da MySQL ke sadarwa ta ita. Kuskure mai lamba 1236 kuwa yakan nuna fayil ɗin binlog, inda babbar sabar ke rubuta duk canjin da aka yi, ya lalace ko an goge shi, kuma sau da yawa sai an sake kwafo bayanan daga tushe. Idan Replica_SQL_Running, mai nuna ko ana shigar da bayanan da aka jawo, shi ne ya tsaya da kuskure mai lamba 1062, to bayanin da ake son shigarwa yana nan tun farko, wataƙila wani ya yi rubutu kai tsaye a sabar ta biyu, don haka ka kunna mata super_read_only, saitin da ke hana rubutu kai tsaye.

Abin da na fi gudar maka shi ne tsallake kuskuren da sql_slave_skip_counter, domin aiki zai ci gaba kamar lafiya lau alhali bayanan sun saɓa. Idan lissafin kuɗin jama'a ne a ciki, ajiye kwafi, ka kira ƙwararre ya gwada sabobin biyu da pt-table-checksum, manhajar da ke gano inda bayanansu suka saɓa.