Filin Tambaya da Amsa: Na'urata ba ta daina kuka a kan baƙin yashi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Daura, bayan an cire amfani bara na haɗa kuɗin wake da na rago ɗaya na sayi na'urar neman zinare hannun wani da ya dawo daga Nijar. A tsakar gida lafiya lau take aiki, ko ƙusa na binne sai ta nuna mani, amma da na shiga rafinmu inda yashi ya yi layi-layi baƙi sai ta kama kuka ko'ina ba tsayawa, na haƙa rami ya fi ashirin ban samu ko allura ba. Abokaina wasu sun ce an cuce ni jabu ce, wasu kuma sun ce zinaren ne ya yi yawa a wurin shi ya sa ta rikice. Wanne ne gaskiya Malam? Daga wani ɗan'uwa a Daura.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa wa nema albarka. Gaskiya tambayarka ta taɓa ni don na san abin da kuɗin wake da rago ke nufi a gidan manomi, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Kafin komai ka yi wani ɗan gwaji da ba zai ci maka ko kwabo ba. Ka samu mayen ƙarfe, irin na bayan tsohuwar sifikar rediyo, ka sa shi cikin farar leda ka ja shi a kan baƙin layin nan idan yashin ya bushe. Za ka ga baƙin gari ya taso ya manne jikin ledar ya miƙe tsaye kamar gashin bushiya, kana zare mayen sai ya zube. To wannan garin shi ne mai sa na'urarka kuka. Ma'adinin ƙarfe ne da ake kira magnetayit, dangin tamar da maƙeran zamanin da suke narkarwa, yawanci a gauraye da wani mai suna ilmenayit. Daga duwatsu yake marmashewa ruwa ya kwaso shi, kuma da yake ya kusa ninka farin yashi biyu a nauyi, idan ruwan damina ya ja baya sai farin ya wuce shi kuma ya kwanta a lungunan rafi da bayan manyan duwatsu.

Ita kuwa na'urar, irin wadda aka fi sayarwa da sauƙi wato VLF, faifan nan na ƙasa yana aika ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa ne sannan ya saurari abin da ya dawo. A tsakar gidanka ƙusa ce kaɗai ke amsawa, a rafi kuwa ƙasar gaba ɗaya ke amsawa, kamar ka shiga kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi kana son jin muryar yaro ɗaya. Don haka kukan bai nuna jabu ce ba, tunda tana ganin ƙusa. Kuma bai nuna zinare ya yi yawa ba.

Su ma masu cewa zinare ne akwai inda suka tsinci maganar. Zinare ya fi ruwa nauyi sau 19, yashin gari kuwa bai kai sau 3 ba, to duk inda ruwa ya ajiye abu mai nauyi nan zinare ma zai kwanta idan akwai shi. Idan akwai shi fa na ce. Sai in ruwan ya biyo ta kan duwatsun da ke ɗauke da zinare, irin na yankin Anka da Maru da Birnin Gwari. Rafuka da yawa cike suke da baƙin yashi amma ko ƙwayar zinare babu.

Yanzu ga abin da za ka yi. Ka duba jikin na'urar akwai maɓallin da aka rubuta GB, shi ne na daidaita ta da ƙasar wurin. Ka tsaya kan baƙin yashin inda ka tabbatar ba ƙarfe, ka danne shi kana ɗaga faifan sama kamar tsawon taƙi kana sauke shi kusa da ƙasa ba tare da ya taɓa ba, a hankali, har sai ƙarar ta zama ɗaya ko ka ɗaga ko ka sauke. Mutane da yawa a bakin mota ko a gida suke wannan saitin sai su shiga rafi da shi, ai ƙasar gida daban ta rafi daban, kai ko a rafin ma ka matsa taku goma baƙin ya ƙaru ko ya ragu sai ka sake, kar ka gaji da sakewa. Sai ka rage ƙarfin jin na'urar. Na san zuciya ba ta so, mutum yana ganin ya sayi abu da tsada gara ya ƙure shi, amma ƙure shi a irin wannan ƙasa kamar kunna babbar fitilar mota ne cikin hazon hunturu, hasken ne zai dawo maka a ido. Ka yi ta ragewa har ta yi shiru sannan ka ƙara ɗaya ko biyu.

Ka ɗan ɗaga faifan kamar yatsa biyu daga ƙasa, ka tafi a hankali, ka riƙa bin layin baƙin a tsawonsa maimakon ka tsallaka shi, don a tsallakawar ne take yin ihu. In kana da ƙaramin faifai ka sa shi, musamman mai DD, wato wanda wayoyin cikinsa ke naɗe kamar harafin D guda biyu, ya fi babba haƙuri da irin wannan ƙasa. Ka kashe saitin da ke tantance baƙin ƙarfe, saboda cikin baƙin yashi na'ura na iya karanta zinare a matsayin ƙusa ta yi shiru ka wuce. Sannan ka yanki ɗan guntun dalma kamar ƙwayar masara ka binne shi zurfin yatsa a farin yashi, ka sake binne shi a baƙi, ka ji bambancin da kunnenka, don dalma na amsawa kusan yadda ƙaramin zinare ke yi. Sautin abu na gaske gajere ne, yana maimaita kansa a wuri ɗaya ko ta wane gefe ka zo, na ƙasa kuwa a baje yake yana yawo.

Wani zai zo ya ce maka magani shi ne ka sayi babbar na'ura mai PI, irin su GPX na kamfanin Minelab na Ostireliya da suka yi suna tun da aka buɗe zinaren Djado a Nijar a 2014. Gaskiya ne sun fi jure ƙasa mai ma'adini, don suna aika bugu ne su ɗan dakata sai amsar ƙasar ta lafa sannan su saurara. Amma kuɗinsu miliyoyi ne, jabunsu sun cika gari, kuma ko ta gasken ce ba ta ganin garin zinare. Ni dai ina roƙonka kar ka taɓa gona ko shanu saboda ita. Zinaren da ke cikin yashin rafi yawanci gari ne, da ƙwarya ko tasa da ruwa ake gane shi. Ka ɗebo daga can ƙasa inda yashi ya haɗu da dutse ko laka, ka wanke a hankali har baƙin kaɗai ya rage, ka karkata ƙwaryar a rana ka duba gefe. In ka wanke ƙwarya talatin daga wurare daban-daban ba ka ga ɗigon rawaya ba, rafin ya ba ka amsa.

Kuma don Allah in ma ka samu dutse mai alama kar ka kai shi gida a daka. Haka aka yi a ƙauyukan Zamfara a 2010 gubar dalmar da ke cikin dutsen ta kashe yara sama da 400. Ka kuma sani a dokar ma'adinai ta 2007 duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, sai da lasisi ake haƙa.

Tambaya: Malam ni ɗan Katsina ne amma ina dako a Legas. Ina ganin Turawa a bidiyo suna yawo da na'ura a bakin teku, wai a can ma baƙin yashin na hana su? Zan iya gwadawa?

Amsa: Yana hana su, har ma ya fi na rafi wahala ƙanena, don a can abu biyu ne suka haɗu. Ruwan gishiri na ɗaukar lantarki, shi ma amsawa yake, kuma na'ura mai zango ɗaya, wato mai aika sigina iri ɗaya tak, in ka daidaita ta da gishirin sai baƙin yashin ya dame ta, in ka daidaita da yashin gishirin ya taso. Shi ya sa suke amfani da mai aika zango da yawa lokaci guda irin su Equinox, a wuraren da yashin ya yi baƙi ƙirin kuwa kamar Hawai da yammacin Niyu Zilan, inda daga duwatsun aman wuta ya fito, yawanci sai PI. In za ka gwada ka fara daga busasshen yashi can sama inda mutane ke zama, nan na'ura mai araha ma tana aiki. Amma ka san abin da suke tsinta zobba ne da sarƙoƙi da mutane suka yar, kuma mu a wajenmu tsintuwa tana da hukunci, abu mai daraja sai an yi cigiyarsa shekara guda. Ka kuma tambayi masu kula da wurin kafin ka fara tona.

Ɗan'uwanmu na Daura kuma, idan ka yi gwajin mayen ƙarfen da na dalmar ka sake rubuto mani, ka haɗa da sunan na'urar yadda aka rubuta a jikinta, sai in faɗa maka saitin da ya dace da ita.