An rubuta 3200 a kwalin RAM, kwamfuta na nuna 2133

Ɗan'uwa, ka ce ka sayi RAM na DDR4 mai lambar gudu 3200, amma da ka duba kwamfuta sai ka ga 2133, kana zargin an sayar maka da jabu. Kwantar da hankalinka, ba lallai ba ne an cuce ka.

Yawancin irin waɗannan RAM ɗin da ƙaramin gudun da kowace kwamfuta za ta iya ɗauka suke tashi. Shi 3200 ɗin nan yana ajiye cikin wani saiti da Intel ta ƙirƙira mai suna XMP, sai ka kunna shi da hannunka. Da kwamfuta ta fara tashi, ka danna Del ko F2 ka shiga BIOS, wato shafin saitin uwar allon kwamfuta (motherboard), ka kunna XMP, ka adana. A allunan kamfanin ASUS masu furosesar AMD, sunan saitin DOCP.

Sai dai fa ka fara duba uwar allon kwamfutarka. In samfurin H410 ko B460 ce da furosesar Intel i5 ta ƙarni na 10, gudun RAM ba zai wuce 2666 ba, ko me ka kunna. A jerin allunan B na Intel, B560 ce ta buɗe ƙofar wuce wannan iyaka. Laptop kuwa, yawancinsu ba su da saitin ma.

In ka duba da CPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kayan cikin kwamfuta, ka ga 1600, to 3200 ɗin ke nan, don bugun agogon RAM take nunawa, shi kuwa DDR sau biyu yake aika bayanai a kowane bugu.

In kwamfuta ta ƙi tashi bayan ka kunna, zare wayar wuta, ka cire ƙaramin batirin allon na 'yan mintuna, komai zai koma yadda yake.